Shigar da Kwamfuta Cikin Kotuna: A Fara da Littafin Shari'a

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili domin in yi tsokaci kan amfani da fasahar zamani a kotunan Nijeriya, batun da ake yawan ambatonsa a bukukuwan buɗe sabuwar shekarar shari'a, amma har yanzu mai ƙara da wanda ake ƙara a ƙananan kotuna ba su gani a ƙasa ba.

Ba za a ce hukumomi sun naɗe hannu ba. A shekarar 2012, lokacin da Mai Shari'a Dahiru Musdapher yake Alƙalin Alƙalan ƙasa, aka fitar da manufar amfani da fasahar sadarwa a ɓangaren shari'a, kuma Mai Shari'a Kashim Zannah, Babban Jojin Jihar Borno, shi ya jagoranci kwamitin da aka ɗora wa aikin. A 2018 Kotun Ƙoli ta ɓullo da adireshin imel na musamman domin aika wa lauyoyi takardun kotu. Da annobar korona ta sa aka rufe kotuna a 2020, Babbar Kotun Borno ta yanke hukunci ta bidiyo a watan Afrilu, sannan a watan Mayu wata Babbar Kotu a Ikeja ta yanke hukuncin kisa ta manhajar Zoom, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce sosai. A watan Yuli na 2020 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa zaman kotu ta bidiyo bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba.

Abin da ya dame ni shi ne, kusan duk waɗannan matakai sun tsaya ne a manyan kotuna da ofisoshin lauyoyi, alhali yawancin jama'a kotun majistare da kotun shari'ar Musulunci suka sani. Duk wanda ya taɓa zama a irin waɗannan kotuna ya ga yadda alƙali ke duƙufa a kan littafi da biro, shaida ya faɗi jimla ɗaya, a ce masa ya dakata, a rubuta, sannan a ce ya ci gaba. Shaidar da za a iya saurare cikin ɗan lokaci sai ta cinye safiya, sauran shari'o'in ranar kuma a ɗage su, mutanen da suka biya kuɗin mota daga ƙauye su koma gida ba a ko kira sunansu ba. Wannan na faruwa ne duk da cewa sashe na 364 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya ba da damar a naɗi zaman kotu da na'ura, a kuma fitar da rubutaccen kwafinsa.

Wahalar ta fi tsanani ga wanda ya nemi ɗaukaka ƙara, domin sai an bi rubutun hannun alƙali shafi bayan shafi an buga shi, kuma idan da Hausa aka yi zaman, sai an fassara shi zuwa Turanci kafin wasu kotunan sama su duba. A nan ne watanni ke wucewa, a nan ne kuma ake jin kalmar da ta fi karya zuciyar mai neman haƙƙi, wato ba a ga fayil ba. Fayil ɗaya tilo da aka ɗaure da igiya aka jibge a ɗakin ajiya ba ya da kariya daga gara, ko yoyon rufi, ko hannun mai son zuciya. Mun ga yadda aka ƙona Babbar Kotun Legas ta Igbosere a watan Oktoba na 2020, mun kuma ga yadda aka fasa Babbar Kotun Jihar Kano aka yi awon gaba da takardu a zanga-zangar watan Agusta na 2024. Da a ce kowace takarda tana da kwafi a kwamfuta, an kuma adana shi a wani wuri dabam, da asarar ta tsaya a kan gini da kujeru.

Haka batun yake ga masu jiran shari'a, waɗanda su ne wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali. Dokar 2015 ta wajabta a riƙa miƙa wa manyan alƙalai, duk bayan kwana 90, sunayen waɗanda suka haura kwana 180 a tsare suna jiran shari'a. Rajista guda ta kwamfuta da ta haɗa kotu, 'yan sanda, ma'aikatar shari'a da gidan gyaran hali za ta nuna wa Babban Joji waɗannan sunaye kowace safiya.

Sai dai sayen na'ura shi ne mafi sauƙin aikin. Riƙe ta ne ke buƙatar tsari. Kwamfutar da babu lantarkin da zai kunna ta, babu ma'aikacin da aka horar, babu kuma kason gyara a kasafin kuɗi, ba za ta daɗe ba za a lulluɓe ta a ajiye a lungu. Shi ya sa nake ganin 'yancin cin gashin kai na kuɗi, wanda ma'aikatan shari'a suka yi yajin aikin fiye da wata biyu a kansa a 2021, yana da alaƙa kai tsaye da wannan magana. Dole ne kuma manhajar ta riƙa ajiye sunan duk wanda ya buɗe fayil ko ya sauya wani abu a ciki, da ranar da ya yi, ta kuma karɓi haruffan Hausa masu ƙugiya da nassoshin Larabci, tunda da su ake aiki a kotunan shari'ar Musulunci.

Saboda haka ina kira ga manyan jojin jihohi da alƙalan alƙalai na kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci da su fara da na'urar naɗar zama da wutar sola a ƙananan kotuna, su horar da rajistarori da magatakarda kafin a kawo kaya, sannan su sa a riƙa sanar da masu shari'a ranar zama ko ɗagewa ta saƙon tes da Hausa, domin ƙaramar waya ce a hannun yawancinsu.

Wassalam.

Mai karanta jaridarka,
daga Zariya, Jihar Kaduna