Wasiƙa daga Buruksel zuwa ga Inna a Bagalam

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Inna, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba da dukan mutanen gida. Yaya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Ni da maigidana da yara muna nan lafiya, sai godiyar Allah. Na ga ya fi in rubuta da in aiko murya ta WhatsApp, don maganar doguwa ce, kuma ina so Auta ya zauna ya karanta miki a tsanake. Shi ma ya buɗe kunne, rabin maganar tasa ce.

Saƙonki ya iso. Kin ce Gwaggo ta zo miki da labarin cewa aikina wankin tsofaffin Nasara ne, har kin kasa barci kina tunanin ko addinina yana nan. Inna, ba ta yi ƙarya ba. Gidan kula da tsofaffi nake aiki. Ina yi musu wanka, in sa musu tufafi, in ba wanda hannunsa ke rawa abinci a baki, in juya wanda ba ya iya juyawa don kada kwanciya ta ci masa baya. Sallata tana nan, azumina yana nan, kaina a rufe yake. Na san za ki ce ina ƴaƴansu. Wasu suna zuwa kusan kullum, wasu sai da salla irin tasu. Gidajen nan ƙanana ne, miji da mata duk suna fita aiki tun duhun safe. Har gobe ban yarda tsarinsu ya fi namu ba, kuma in Allah ya yarda ke ba za ki tsufa a hannun baƙo ba. Amma ba na zaginsu, domin na ga hawayen ƴaƴan a bakin ƙofa.

Ki tuna lokacin da aka kai Kaka asibitin Danja. Ƴan mishan ne suka wanke mata miki, ba su tambaye ta ko tana salla ba, kuma ba ta dawo gida Kirista ba. Abin da suka yi mata shi nake yi wa iyayen wasu.

Ba Turawa kaɗai ke gidan ba. A hawan da nake aiki, cikin ma'aikata akwai ƴar Kwango, da ƴar Ruwanda, da ƴar Rumaniya, da wani ɗan Filifin, da wata da aka haifa a nan unguwar Molenbek amma kakanta daga Maroko ya zo. Ƙasar nan, Beljik, ta ƙulla yarjejeniya da Maroko da Turkiyya a 1964 don su aiko mata leburori, jikokinsu ne suka cika wasu unguwannin yanzu. Su kansu ƴan ƙasar ba baki ɗaya gare su ba: harsuna uku gwamnati ke aiki da su, Faransanci da harshen Holan da Jamusanci. Shugabar sashenmu Bafalamiya ce, a gidansu harshen Holan ake yi, kuma tana jin daɗi ƙwarai in ka gaishe ta da shi ko da kalma biyu ne. Ba zan kama sunan kowa ba, aikinmu ya hana fitar da sirrin waɗanda muke kula da su.

Abin da ya fi komai nauyi a aikin nan shi ne tambaya. Ranar da aka kawo sabon tsoho, kafin a taɓa jikinsa sai an zauna an ji daga bakinsa: mace yake so ta yi masa wanka ko namiji, da safe ko da yamma, me yake ci, me ba ya ci, da wane suna za a kira shi. Ɗakinsa gidansa ne, sai ka ƙwanƙwasa ka jira izini, tamkar sallamarmu. Akwai doka tun 2002 da ta ba majinyaci ikon ya ce a'a. Muna da wata tsohuwa Baturkiya da namiji ba ya ganin jikinta. Kowa ya gane wannan tun ba a faɗa ba, saboda ɗankwalinta. To, akwai wata ƴar Beljik kuma, mai zuwa coci, ita ma ko kusa ba ta yarda, amma da yake farar fata ce sai wasu suka ɗauka ba ruwanta, har sai da ƴarta ta zo ta yi magana. Ga kuma wani dattijo ɗan Maroko da aka riƙa kai wa abincin Musulmi ba a tambaye shi ba. Ya ture farantin ya ce shi mutum ne, ba tuta ba ce. Tsakaninsa da Ubangijinsa ban sani ba, ina yi masa addu'a a zuciyata. Amma gaskiyarsa ce, sunan ƙasar mutum ba ya gaya maka abin da ke cikin ransa.

Akwai tsohuwar da nake ƙauna ƙwarai, ƴar Italiya. Ubanta yana cikin waɗanda aka kwaso bayan yaƙin duniya don haƙar gawayin ƙasa. Ran 8 ga Agusta 1956 wuta ta tashi a ramin Marsinel, kusa da Sharlerwa, mutum 262 suka mutu, 136 daga ciki ƴan Italiya, har da shi. Yanzu tsufa ya cinye mata Faransanci, ta koma harshen uwarta. Ƴar Rumaniya ce ke tsintar maganarta, don harsunansu ƴan uwa ne, ita ke koya mana yadda za mu ce mata ruwan da ɗumi, kada ta ji tsoro. Ɗanta ya gaya mini a zamaninsu akwai mashayar da ake rubutawa a ƙofa ba a son kare ba a son ɗan Italiya. Na ce ashe su ma sun ɗanɗani baƙunci. Tun daga ranar nake kallonta kamar matan garinmu da mazansu suka tafi cirani ba su dawo ba.

Yanzu ga wadda nake so Auta ya riƙe da kyau. Mu a gida, in ka haɗu da baƙo, tambayar farko ita ce kai wane iri ne. Ba da mugunta ba, neman ƙofar wasa ake yi. Bagobiri ya samu Bazabarme, Bafillace ya samu Babarbare ko Ba'are, a ce kai bawana ne, a yi dariya, a rage kuɗin kaya a kasuwar Litinin. Wannan wasa namu abin alfahari ne, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014, kuma ya kashe wutar faɗa da yawa. Amma yana da iyaka. Wani yaro ɗan ƙasarmu da ke aiki a ɗakin girki, yaro mai ladabi wallahi, ya tari abokiyar aikina ƴar Ruwanda wurin shan shayi, yana murmushi ya ce mata ke Hutu ce ko Tutsi. Ta ajiye kofi ta fita, ba ta ce uffan ba.

Inna, a ƙasarsu a 1994 an kashe mutum wajen dubu ɗari takwas cikin kwana ɗari. Tun zamanin da Beljik ke mulkinsu ake rubuta ƙabilar mutum a katin shaidarsa, kuma da wannan kati aka riƙa tsayar da mutane a shingen hanya ana ware na yanka. Tambayar da mu ke buɗe wasa da ita, su ita ce tambayar ƙarshe da dangin wasu suka ji a duniya. Na ja yaron gefe na yi masa bayani, jikinsa ya yi sanyi. Washegari ya je ya ba ta haƙuri, bai kare kansa ba, ta kuma karɓa. Daga baya ni da ita muka zauna na ba ta labarin wasan Gobirawa da Zabarmawa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce mu gode wa Allah, mu kuma riƙe shi da hannu biyu. Har yau ban san ƙabilarta ba, ba kuma zan tambaya ba. Na dai san duk watan Afrilu tana yin shiru, mu kuma muna rage mata nauyin aiki ba tare da an yi shawara ba.

Na ƙananan abubuwa ba su ƙirguwa. Ke kika koya mini sunkuyar da kai gaban babba, a nan kuwa in ba ka dubi idon mai yi maka magana ba sai a ɗauka kana ɓoye wani abu. Shugabarmu tana faɗin gyara kai tsaye gaban kowa, ba kwana-kwana, alhali ɗan Filifin ɗin nan zai ce to ko da bai gane ba, don kada ya kunyata ta. Sai da suka fahimci juna aiki ya daidaita. Ba na ba maza hannu, nakan ɗora shi a ƙirji in gaishe su da fara'a, kuma na yi musu bayani tun farko don kada wani ya ji an raina shi. Giyar da wasu tsofaffi ke sha da abinci ba ni nake zubawa ba, ƴar Kwango ta ɗauke mini, ni kuma na ɗauke mata gyaran gadaje. A Nijar ana hutun Kirsimeti, a nan ba a hutun salla. To ni nake kwana aiki ran 25 ga Disamba, su kuma su tsaya mini ran ƙaramar salla da ta layya. Doguwar gaisuwarmu kuwa kasuwarta na ci, tsofaffin nan suna son a tambaye su kwana da gajiya da iyali.

Kada ki ce komai zuma ne. Akwai tsohon da ya ce baƙar mace ba za ta taɓa shi ba. Ya yi zamansa a Kwango kafin su samu ƴancin kai daga Beljik a 1960, shekara ɗaya da mu, kuma har yanzu da wannan idon yake kallonmu. Abin ya yi mini ciwo, ƴar Kwango kuwa ya fi yi mata, don kakanninta ne suka sha bulalar. Ban rama ba, ban kuma haɗiye ba. Na kai magana gun shugaba, ta same shi ta gaya masa a gidan nan ba a zagin ma'aikaci. Ganin girman mutum bai ce ka shimfiɗa kanka ya taka ba. Yau ni nake aske masa gemu, bai taɓa ba ni haƙuri ba, amma ya daina.

Wadda ta fi yi mini nauyi ita ce wannan. Tun 2002 dokar ƙasar nan ta yarda majinyacin da ciwonsa ba ya warkewa, yana cikin azaba, ya roƙi likita ya kawo ƙarshen ransa. Wata tsohuwa da na daɗe ina kula da ita ta roƙa, aka amince mata. Inna, rai na Allah ne, ban yarda da wannan ba, ba kuma zan yarda ba. Dokar ba ta tilasta wa kowa sa hannu, na ce a cire ni daga aikin wannan yini, aka cire ni ba gardama. Amma a kwanakin da suka rage na ci gaba da yi mata wanka, ina taje mata gashi yadda take so. Ta tambaye ni ra'ayina, na gaya mata gaskiya a hankali, ta riƙe hannuna ta ce ta gode da ban yi mata ƙarya ba. Na yi kuka a hanyar gida.

Auta, na ji daɗin labarin aikin tuƙi da ka samu gun ƙungiyar agajin nan, Allah ya sa albarka. Za ka ɗauki likitoci daga Kamaru da Burkina da Turai, wata mace za ta zama shugabarka, wani ba ya salla, wani zai ci abinci gabanka da azumi. Matambayi ba ya ɓata, abin da ba ka gane ba ka tambaya cikin ladabi, naka kuma ka bayyana shi ba tare da faɗa ba. In lokacin salla ya yi ka faɗa tun kafin a kama hanya. Sannan mutanen da za ku je wa wajen Gidan Rumji da Cadakori, waɗanda suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, kada Hausar da kuke yi tare ta sa ka ɗauka ka san abin da suka gani. Kada ka tambayi mace abin da ƴan bindiga suka yi mata. Kada ka ɗauki hoton kowa ka sa a Facebook. In ka ga Bafillace cikin layi, mai gudun hijira ne kamar sauran, ba shi ya kai hari ba. Abokiyar aikina ta Molenbek ta ba ni labarin yadda aka riƙa tashi daga kusa da ita a jirgin ƙarƙashin ƙasa bayan bama-baman da aka tayar a nan Buruksel ran 22 ga Maris 2016, har da cikin jirgin, alhali ita ma a wannan layin take zuwa aiki kullum. Har yanzu in tana faɗa muryarta rawa take yi. Ba na so wani ya ba da irin wannan labari a kanka.

Na turo kuɗi ranar Talata, Auta yana da lambar karɓa. A sayi buhun hatsi biyu tun bai ƙara tsada ba, a biya kuɗin lakkwal na yaran Yaya, saura a kai ki likita a duba ƙafar nan, kada a tsaya ga man shafawa kaɗai. In mai zuwa ya samu, a aiko mini da kuka da daddawa da busasshen zogale, ƴar Kwango ta ɗanɗani kwaɗon zogale sau ɗaya ta hana ni sakat. A gaishe mini da Baba da kyau, a ce ina neman albarka. A gaida Yaya da matarsa, da Kawu na Tibiri, da maƙwabta. Gwaggo kuma a karanta mata takardar nan tun daga farko, a ce ina gaishe ta, zanenta yana tafe.

Ki ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
ƴarki.