A fito da rigunan iyayenmu daga adaka, amma kada a sa musu almakashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da matasanmu, maza da mata, kan yayin da ya shigo na komawa ga suturar da iyaye da kakanni suka yi ado da ita a ƙarnin da ya wuce. Ni mai ɗinkin hannu ne a birnin Zariya, sana'ar da na gada, don haka wannan yayi ya faranta mini rai ƙwarai. Sai dai akwai gyara, kuma na gaggawa ne, domin abin da ake ɓatawa yau ba za a sake samun irinsa a kasuwa ba.

Idan an ware ranar shigar gargajiya a biki, ko makaranta ta ce gobe ranar al'ada ce, sai a buɗe adakar tsoho a ciro riga saƙi, a sa, a yi hoto a watsa a Facebook da TikTok, washegari a cusa ta a leda a jefa ƙarƙashin gado. Wannan ma da sauƙi. Wanda ya fi ci mini rai shi ne masu kai wa tela ya yanke aikin da ke ƙirjin rigar, ya liƙa a jikin kaftani ko jakar hannu, sauran kuma ya zama tsumma.

Da mai yin haka zai juya rigar ya dubi cikinta, da hannunsa ya yi sanyi. Ba daga bandir aka yanko ta ba. Masaƙi ne ya saƙa ƙyallaye sirara, kowanne bai kai faɗin tafin hannu ba, sannan aka bi su ɗaya bayan ɗaya da allura aka haɗa baki da baki har suka zama riga. Bayan nan mai zane ya zauna da alƙalami ya fitar da aska biyu ko aska takwas a kan aljihu, ya kewaya tambari a ƙirjin dama da kuma baya. Sai mai ɗinki ya karɓa da zaren tsamiya, wanda ake samu daga saƙar wata tsutsa da ke zama a itacen tsamiya, ya yi watanni yana bin zanen. A gindi kuma ga shafi, wani lokaci na jan alharini irin wanda fatake suka riƙa kawowa ta Sahara, wanda ba ya bayyana sai mai rigar ya saɓa ta. Daga ƙarshe mabuga suka buge ta har ta yi sheƙi. Hannun mutum nawa ke nan a riga ɗaya? Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu kuma da dama sun koma keken ɗinki ko sun bar sana'ar.

Hatta kayan masaƙun zamani na wancan lokacin sun zama na tarihi. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) ta biyo baya a shekarun 1960, kuma a 2007 UNTL ta rufe ƙofa. Atamfar da aka buga a Kakuri, unguwar masaƙun a Kaduna, wadda aka sa wa iyayenmu mata a lefe, yau ko ka zagaye Kantin Kwari kaf da wuya ka samu sabuwarta. Wadda ke cikin akwatin Hajiya ita ce ta rage.

To, yaya za a sa waɗannan kaya a yau ba tare da mutum ya zama kamar ɗan wasan kwaikwayo ba? Shawarata ga samari ita ce su ɗauki tsohon abu guda ɗaya kawai, sauran shigar ta kasance ta yau. Idan babbar rigar ce tsohuwa, a sa mata 'yar ciki da wando na yadi mara ado, fari ko mai duhu, don ido ya tsaya kan aikin rigar. Kada a ɗora mata hula mai launi bakwai. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta: saƙi yana son farar hula ko zanna mai launi kaɗan. A kuma koyi naɗe hannun riga a kafaɗa, domin rigar da aka bari tana jan ƙasa bakinta ne zai fara cinyewa. Wanda kuma ba shi da tsohuwar riga, hula kaɗai ta isa. A dubi hotunan Alhaji Shehu Shagari tsakanin 1979 da 1983, doguwar hularsa ta ishi kowa gane shi daga nesa. Malam Aminu Kano kuwa da fararen kaya marasa yawan ado da jar hula ya yi fice, kuma wannan shigar ko gobe saurayi ya yi ta zai shiga ofis ko ɗaurin aure ba wanda zai ce ya tsufa.

Akwai kuma iyaka da ya kamata a kiyaye. Rawani mai kunne biyu da alkyabba ba kayan kwalliyar kowa ba ne, suna da masu su a gidajen sarauta. Na sha ganin yaro ya naɗa kunnuwa biyu don hoto kawai, ba da mugun nufi ba, rashin mai faɗa masa ne. Haka wanda ya sa kore ko rawani ɗan Kura ya sani shuni yana zuba a jiki da farin tufafi, kuma wannan ba aibi ba ne, Buzaye ma don shi suke sayensa da tsada.

Ga 'yan'uwana mata, roƙona ɗaya ne. Tsohuwar Holandis ko zanen saƙi na Inna kada a yayyanka shi a yi matsattsiyar doguwar riga mai duwatsu, wadda bayan Sallah biyu yayinta ya wuce, jiki ma ya ƙi shiga. A bar zanen a zane. A ɗinka masa sabuwar riga mai yalwar hannu irin ta da daga yadi mara zane, a samu mayafi mai sauƙi wanda ya dace da launi ɗaya daga cikin atamfar. Zanen da ba a yanka ba zai yi wa uwa, ya yi wa 'ya, ya jira jika. Ɗaurin kallabi irin na Maryam Babangida, wanda mata suka yi yayi a ƙarshen shekarun 1980, har yanzu yana zama daram a kan irin wannan shiga. Idan akwai murjani ko warwaron azurfa na gado, a sa ɗaya, a bar sarƙar zamani ta huta ranar.

Batun adana kuwa, tsohon saƙi ba ya shiga injin wanki, ba ya son sinadarin cire datti, ba ya son rana mai zafi. A shanya shi a inuwa ya sha iska, musamman bayan damina. A riƙa sauya wurin ninki, domin a kan ninki zare ke fara karyewa. A sa kafur saboda asu, a ɗaga adakar daga ƙasa saboda gara. Idan ya yamutse, a kai wa mabuga maimakon a ɗora masa dutsen guga, har yanzu akwai su kusa da marinar Ƙofar Mata a Kano da wasu garuruwan. Idan ya yage, a kawo wa masu ɗinkin hannu, mun san yadda ake cike wurin da zare mai kama da nasa.

Malam Edita, ina roƙon jaridarka ta buɗe ɗan shafi inda masu karatu za su riƙa aiko da tsofaffin hotunan iyayensu, da shekarar da aka ɗauka, da garin, da sunan kowace sutura da ke jikinsu. A kuma turo wakili birnin Zariya da Kura da Kano ya zauna da tsofaffin masaƙa da marina da masu zanen riga, ya rubuta sunayen ɗinkuna daga bakinsu tun suna da ƙarfin yin bayani. Idan ya iso Zariya, ni da abokan sana'ata za mu raka shi zaure zaure.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Mai ɗinkin hannu, Birnin Zariya