Manhajar da ta haɗiye mana sifili

Malam Edita,

Ni mai rubuta manhaja ne a Jos, ƙorafina kuma ga abokan sana'a yake. Makon jiya na loda sunaye da lambobin 'yan adashenmu a wata manhaja, sai ta ga lambar waya mai farawa da 0803, ta ɗauka adadi ne, ta haɗiye sifilin. Lambar asusu mai alƙaluma 10 ma ta koma 9. Wa ya taɓa yin lissafi da lambobin waya?

Don Allah a bar irin waɗannan lambobi a matsayin rubutu har sai an nemi juya su zuwa adadi. In juyin ya ƙi, manhaja ta faɗa, kada ta yi shiru. Kwanan wata ma haka: 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a nan 3 ga Afrilu.

Naku,
Wani mai karatu, Unguwar Rogo, Jos