Abin da ɗan rakiyar tsibirin kunkuraye ya tuna mini game da Yankari da Dadin Kowa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai tun da na dawo daga Tanzaniya, inda na je duba ɗana da iyalinsa da aiki ya zaunar a Darussalam. Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne, na shafe fiye da shekara talatin ina riƙe da alli a makarantun sakandaren Jihar Bauchi kafin in yi ritaya, kuma a tsawon wannan lokaci na koyar da yara labarin teku da tsibirai ba tare da na taɓa tsoma ƙafata a ruwan gishiri ba.

Da ɗana ya ga na gaji da zaman gida, sai ya ɗauke ni tare da jikana muka shiga jirgin ruwa mai gudu, wanda ya kai mu Zanzibar cikin kamar awa biyu. Mun kwana a tsohon birnin da Turawa ke kira Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, kuma kiran sallar asuba da na ji daga masallatai daban-daban ya sa na ɗauka a unguwarmu na kwana. Da hantsi muka gangara bakin teku kusa da lambun Forodhani, domin tafiyar yini guda zuwa wani ɗan tsibiri mai suna Changuu, wanda baƙi suka fi sani da Tsibirin Kurkuku, mai nisan kilomita biyar da 'yan kai daga birnin.

A bakin ruwan ne muka sadu da mutumin da ya sa na ɗauki alƙalami. Magidanci ne da bai wuce shekara arba'in ba, baƙi siriri, ɗan masunta wanda shi ma ya yi su kafin ya koma rakiyar baƙi. Kafin kowa ya taka kwale-kwalen, sai da ya ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya, mu goma sha biyu, ya rubuta a ɗan littafinsa, sannan ya raba mana rigunan da ke hana nutsewa. Ni da ke sanye da kaftani da hula na so in riƙe tawa a hannu, don ina ganin za ta zubar mini da girma, amma ya matso cikin ladabi ya ce, "Mzee, teku ba ta san dattijo ba," ya ɗaura mini da hannunsa, ya ja igiyar ya tabbatar ta kama. Mzee shi ne dattijo a harshensu na Suwahili. Da ya ji jikana yana ce mini Kaka sai ya yi dariya, ya ce a wurinsu kaka yana nufin yaya, saboda haka yana taya ni murnar samun ƙane ɗan shekara tara. Daga wannan raha aka saki jiki da shi, kuma duk abin da ya hana a yinin nan babu wanda ya yi masa musu.

Muna cikin tafiya, wadda ba ta kai rabin awa sosai ba, ya nuna mana yadda launin ruwan ke sauyawa daga shuɗi mai duhu zuwa kore mai haske, ya ce duhun alamar zurfi ne, hasken kuma alamar farin yashi ne a kusa, ɗigon baƙi-baƙi da ke tsakani kuwa duwatsun murjani ne, inda kifi ke taruwa. Ya gaya mana cewa daga sunan wani kifi da ya yawaita a wurin tsibirin ya samo sunansa. Sannan ya faɗi lokacin da za mu juyo, ya ce ba shi ne ya tsara ba, teku ce ta tsara, domin tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kuma tsakanin cika da janyewa kimanin awa shida ne. Na san wannan a littafi, na zana wata da duniya a allo sau ba adadi ina bayanin yadda ƙarfin wata ke jan ruwa, amma sai ran nan na gani da idona: da muka isa, kwale-kwalen ya kai mu gab da tudu, da za mu koma kuwa sai da muka tattare wando muka yi tafiya a kan jiƙaƙƙen yashi kafin mu cim masa. Gani ya kori ji.

Tsibirin kansa ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa kimanin mita 800, faɗinsa kuma bai kai mita 250 ba, wato filin da wani manomin Alkaleri zai kira gona. Da mu kaɗai muka je, da mun zagaye shi cikin rabin awa mun ɗauki hoto mun dawo, ba mu ƙaru da komai ba. Ɗan rakiyar ne ya tsayar da mu a gaban tsohon ginin ya warware mana labarinsa, yadda a ƙarni na 19 aka riƙa tsare bayin da suka yi taurin kai a tsibirin, yadda wani Baturen Ingila mai suna Lloyd Mathews, wanda ya yi wa Sarkin Zanzibar waziri, ya saye shi a 1893 aka gina kurkuku, da yadda ba a taɓa kulle fursuna ko ɗaya a ciki ba, sai aka mai da wurin mazaunin killace matafiyan da ake tsoron sun ɗauko zazzaɓin shawara. Bai ɓoye batun bautar ba, bai kuma ƙawata shi ba, ya faɗe shi da murya ƙasa-ƙasa ya bar mu muka yi shiru na ɗan lokaci.

Daga nan muka shiga wurin kunkurayen. Ba irin wanda ake ajiyewa a tsakar gida yana cin ɓawon kankana ba ne. Waɗannan asalinsu daga tsibirin Aldabra na ƙasar Seshel ne, babban namiji kan kai nauyin kilo 250, kuma suna wuce shekara ɗari a raye. Gwamnan Ingila na Seshel ne ya aiko da guda huɗu kyauta a 1919, suka hayayyafa har suka kai kimanin 200 a 1955, sannan ɓarayi suka yi ta kwashe su suna sayarwa, har ya zama a 1996 guda bakwai kacal suka rage, kafin a kewaye musu wuri a sa masu gadi su sake yawaita. An rubuta wa manyan shekarunsu da fenti a ƙoƙon bayansu. Ɗan rakiyar ya durƙusa kusa da wani tsoho daga cikinsu, ya koya wa jikana yadda zai sosa masa wuya a hankali, sai ga dabbar nan ta miƙe a kan ƙafafunta huɗu, ta zaro wuya kamar zira'i guda, ta lumshe ido ta tsaya cik. Fatar wuyan a tattare take kamar tsohuwar jakar fata, numfashinta kuma kamar na zugazugin maƙeri. Da wani baƙo ya ɗaga ƙafa zai hau bayan ɗaya don a ɗauke shi hoto, ɗan rakiyar ya dakatar da shi ba tare da tsawa ba, ya bayyana masa cewa ƙashin bayan kunkuru a manne yake da ƙoƙon, don haka yana jin nauyin duk abin da aka ɗora masa. Mutumin ya sauke ƙafarsa ya ba da haƙuri.

Ba zan ce komai na wurin ya burge ni ba. Baƙi sun yi yawa ga ɗan wuri irin wannan, kwale-kwale na sauke wasu na ɗiba, kuma na ga wasu ayarin da ɗan rakiyarsu ya sake su ya koma inuwa yana danna waya, suna ta cusa wa dabbobin ganye ba ƙaƙƙautawa. Shigar wasu baƙin ma ba ta dace da garin Musulmi ba, ko da yake wannan wata magana ce daban. Amma ganin ayarin da aka sake ɗin ne ya ƙara nuna mini darajar namu, domin tsibiri ɗaya muka taka, kuɗi kusan ɗaya muka biya, mu muka dawo da ilimi su suka dawo da hotuna. Har lokacin azahar ya sa a lissafinsa, ya nuna mana alƙibla da inda za mu yi alwala da ruwan daɗi.

A hanyar dawowa ya tambaye ni ko akwai namun daji a ƙasarmu, kuma a nan ne kunya ta kama ni. Na ce masa muna da Yankari, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200, wadda aka keɓe tun 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, ta zama gandun ƙasa a 1991 kafin ta dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Na ce akwai giwaye, ɗaya daga cikin manyan garkunan da suka rage a Najeriya, akwai ɓauna da gwanki da dorina da gwaggon biri, ga ruwan Wikki mai ɗumin da ba ya sauka daga digiri 31 rani da damina. Sai ya ce, to me giwayenku ke ci da rani, kuma a ina suke kwana? Na rasa amsa. Na je Yankari ya fi sau goma, wasu lokutan ma da ɗalibai, amma abin da na fi riƙewa shi ne wanka a Wikki da yadda gwaggon biri ya taɓa fizge mini ledar burodi. Kogwannin Marshall waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da kufan maƙeran da suka narka tama a dajin, duk na wuce su kamar mai sauri zuwa kasuwa. Laifin nawa ne, domin ban taɓa zama na yi wa ma'aikatan da ke raka mu cikin mota tambaya mai ma'ana ba, kuma na tabbata da yawa daga cikin masu karanta wannan wasiƙa haka suke.

Abin da nake so hukumomin yawon buɗe ido na Bauchi da Gombe su duba shi ne a ɗauki rakiyar baƙi a matsayin sana'a mai zaman kanta, wadda ake koyo, ake ba da shaida a kanta, ake kuma biya yadda mutum zai riƙe iyali da ita. Aikin mai gadin daji daban ne, shi sintiri yake yi yana fuskantar masu farautar sata, kuma a 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ƙulla yarjejeniyar tallafa wa wannan ɓangare a Yankari. Ɗan rakiya kuwa aikinsa baki ne da ido da haƙuri. Mutanen da za su iya wannan aiki muna da su a ƙauyukan da ke kewaye da dajin, tsofaffin maharba da 'ya'yansu waɗanda za su dubi sawu su gaya maka dabbar da ta wuce da lokacin da ta wuce, su ji kukan tsuntsu su faɗi sunansa da Hausa ko Fulatanci. Abin da suka rasa shi ne ɗan horo kan tarihi, da agajin gaggawa, da yadda ake magana da baƙo, wanda Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Jami'ar Jihar Gombe za su iya shiryawa cikin 'yan watanni. Maharbin da ya gane cewa giwa mai rai za ta ciyar da shi kowace shekara zai fi kowa tsare ta, kamar yadda wancan masunci ya koma mai faɗa da masu taka murjani. Ina kuma roƙon a yi bayanin da Hausa ga masu jin Hausa, domin yawancin masu zuwa Yankari a yau 'yan gida ne, ɗalibai da iyalai da ma'aikata masu hutu, kuma babu dalilin da zai sa a yi wa tsohuwa daga Darazo bayanin ɓauna da Turanci.

Mu ba mu da teku, amma Gombe tana da madatsar ruwa ta Dadin Kowa a kan kogin Gongola, kuma dorinar da ke cikinta ta daɗe tana shiga gonakin shinkafa tana jawo wa manoma asara. A nan ne tsarin da na gani zai fi saurin karɓuwa, wato kwale-kwale mai inji da aka duba lafiyarsa, adadin fasinja da ba a wucewa ko da wa ya zo, rigar hana nutsewa ga kowa, da masunci ɗan wurin wanda ya san inda dorina ke kwanciya da nisan da ya kamata a ba ta, musamman mai ɗa, domin dorina ba abar wasa ba ce. Mun sha jin labarin kifewar jiragen ruwa a kogunan ƙasar nan saboda lodi fiye da kima da tafiyar dare, don haka idan ba za a kiyaye waɗannan sharuɗɗa ba gara kada a fara. Idan kuma an fara, adalci ne a ware wani kaso na kuɗin shiga ga manoman da dabbar ke yi wa ɓarna, in ba haka ba ba za su ga dalilin haƙuri da ita ba.

Ni dai na yi niyya, in Allah ya kai mu rani, lokacin da ciyawa ke bushewa namun daji su taru a bakin kogin Gaji, zan haɗa jikokina da na maƙwabta mu yi sammako daga Bauchi mu yini a Yankari mu dawo kafin magariba, wannan karon da littafi da biro a aljihu. Jikana na Darussalam ya riga ya aiko da tambayoyinsa ta waya, kuma ta farko ita ce wadda ɗan rakiyar ya yi mini na kasa amsawa. Idan akwai wani daga cikin masu karatu a Alkaleri ko Mainamaji da ya san tsohon maharbin da zai yarda ya raka mu, da izinin hukumar gandun, ina roƙon ya sanar da ni ta hannun wannan jarida.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
Bauchi.