Anti, sun riƙe ni shekara biyu ko sisi ba su karɓa ba, yanzu sun ba ni riƙon 'yarsu

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ke da iyali da duk ma'aikatan shirin naku. Ina sauraronki ta waya duk sati duk da ba na ƙasar, dan Allah kar ki faɗi sunana, ki karanta kawai ki ba ni shawara don kwana ya ƙure min.

Ni 'yar Kano ce shekarata 27, Turanci na karanta. A watan Oktoba 2023 na zo Kaulaha ta ƙasar Senegal koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi, Abbanmu ɗan Faila ne, wani amininsa da ke zuwa Mauludin Madina Baye duk shekara shi ya samo min aikin, shi ya kuma haɗa ni da gidan da na zauna. Kin san su nan da Faransanci ake karatu, Turanci darasi ne guda kamar yadda muke yin Faransanci a gida, iyaye kuma suna so yaransu su iya shi sosai kafin jarabawar BFEM ta gama ƙaramar sakandare da Bak ta gama babbar sakandare. Kwantiragina na shekara biyu ne, zai ƙare ƙarshen watan Yuli, yau saura min sati huɗu da 'yan kwanaki.

Anti bari in ba ki labarin gidan nan don sai kin ji shi za ki gane abin da ke damuna. Matar gidan Yaay muke ce mata, wato uwa da Wolof, mijinta ya rasu tun kafin in zo, kasuwancin gishiri da gyaɗa take yi kin san garin nasu ne. Ranar da na sauka ko kalma ɗaya ta Wolof ban sani ba, Faransancina kuma na aji uku ne, amma ta fitar da babbar 'yarta daga ɗakinta ta ba ni, ta sa aka ɗaura min sabon gidan sauro. Ƙarshen watan farko na sa sefa dubu 30 a ambulan na kai mata, wallahi kallon da ta yi min har yau ina tuna shi, ta mayar min a tafin hannu ta dunƙule da nata hannun tace baƙo ba ya biyan kuɗin tuwo a gidanta. Na sake gwadawa sau biyu, na uku sai da ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba, daga nan na koma sayo buhun shinkafa da sukari da ganyen shayi, shi ma sai in ce yara na sayo wa.

Abinci a faranti ɗaya ake ci gaba ɗaya gidan, shinkafa da kifin nan tasu cebujen, ita ce ke zama tana ɓare kifin da yatsunta tana turo min tsokar gabana, in na ce na ƙoshi tace ban fara ba. Lokacin zafin watan Afrilu da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana tara, a ƙasa ta dinga kwana gefen katifata tana jiƙa tawul tana goga min, ita ta kai ni asibiti ta biya, ta hana a faɗa wa Umma sai da na fara tashi zaune. Da Mauludi gidan ya cika da baƙi har tsakar gida ake kwana, Hausawa ma sun sauka da yawa, ko ina ta juya sai ta nuna ni tace ga 'yarta ta Kano. Suna da kalma, teranga, karamci ke nan, kuma ni na gani da idona.

To bayan Sallar Layya da kwana uku, da daddare muna shan ataya, wato shayinsu, sai ta kira autarta mai shekara 13 ta zaunar da ita kusa da ni, ta kamo hannunta ta sa a nawa a gaban yayun yarinyar da ƙanin mijinta, tace ta ba ni ita, in tafi da ita Kano ta yi karatun Turanci da na Alƙur'ani a hannuna har ta gama sakandare. Kowa ya hau addu'a. Ni kuma kuka ya kama ni, na kasa cewa komai, su suka ɗauka na murna ne. Yarinyar ɗalibata ce, tana da kai sosai, duk dare a ɗakina take yin aikin gida, tun ranar ta fara ninke kayanta.

Anti ga inda gizo ke saƙar. Aurena watan Disamba ne. Wanda zan aura malamin makaranta ne, ciki da falo ya kama, da na faɗa masa ya yi shiru sannan yace shi ba ya ƙin alheri amma ina za ta kwana, kuma me zai faɗa wa Hajiyarsa, amarya ta tare da budurwar yarinya da ba danginta ba? Gaskiya ban ga laifinsa ba. Umma tace gidanmu mu takwas ne a ɗaki uku, fanshon Abba ba ya kai su ƙarshen wata. Abba kuwa cewa ya yi ba a mayar da kyautar mutanen garin Shehu Ibrahim, in taho da ita Allah zai rufa asiri, ya kashe wayar.

Abin da ya fi ci min rai ma ba kuɗin ba ne. Yaay ta ɗauka a Najeriya kowa Turanci yake yi har a kasuwa, ban taɓa gyara mata wannan tunanin ba. Ni na san a unguwarmu Hausa za ta ji safe da yamma, makarantar da ake Turancin gaske ba ni da kuɗinta, wadda zan iya sa ta kuma aji ɗaya cike yake maƙil, malamin ma rabin bayaninsa da Hausa ne. Ga ta saura mata shekara biyu ta yi BFEM, in na cire ta yanzu sai an mayar da ita baya, Faransancin ya zube Turancin bai zauna ba. Amanar marainiya ce, in ta yi ciwo fa, in aurena ya zo da wata matsala ina zan kai ta? Tsakaninta da uwarta jirgi biyu ne, Kano zuwa Legas, Legas zuwa Dakar, sannan mota kusan kilomita 190.

Na yi tunanin in ce ta zauna ta gama BFEM, ni in ɗauki nauyin kuɗin makarantarta da littattafai, mu dinga darasi ta WhatsApp sau biyu a sati, in na zauna a ɗakina na ga yanayi sai ta zo hutu. Ko kuma Gambiya, tana nan kusa da su, da Turanci ake karatu kuma ana jin Wolof, suna da dangi a Farafenni. Amma matar da ta ƙi karɓar kuɗin abinci, in na zo mata da maganar kuɗi a madadin 'yar da ta damƙa min a gaban mutane, ba zagi za ta ɗauka ba? Sati biyu ke nan ina ci a farantinta ina kasa haɗa ido da ita.

Dan Allah Anti, ni da kaina zan same ta mu biyu, ko aminin Abba zan sa ya yi mata magana tunda shi ya kawo ni? In faɗa mata gaskiyar halin gidanmu tsirara ko in tsaya a maganar karatun yarinyar kawai? Ita kuma yarinyar da ta riga ta yi sallama da ƙawayenta, da wane baki zan fara mata? Ko ke kina ganin ni ce na cika tsoro, in rufe ido in taho da ita kamar yadda Abba ya ce? Jiya ƙanin mijin nata ya tambaye ni yaushe za a je yi mata takardun tafiya, na ce masa sai Litinin.

Taki,
wata 'yarki daga Kaulaha