Wasiƙa zuwa ga abokina kan laftof ɗinsa da ta ƙi tashi

Kano.

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya makaranta, ya kuma sanyin Gembu? Mu nan hunturu ya kama sosai, kullum sai mun kakkaɓe kayan shago da safe kafin mu fara aiki. Kowa a gida lafiya, suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso, kuma tun da na karanta hankalina bai kwanta ba. Ka ce laftof ɗinka ta ƙi tashi, mai gyara kuma ya ce sai an yi mata fomatin. Don girman Allah kada ka yarda tukuna. Sakamakon jarabawar ɗalibanka da rubutun digirinka duk suna ciki, fomatin kuwa share su zai yi. A nan layinmu na Beirut Road mutane sukan zo suna neman a dawo musu da abin da aka riga aka goge, alhali matsalar tun farko ba ta wuce ƙura ko ɗan batir ba. Wani gyaran na gaggawa ne kawai: a goge, a ɗora sabon Windows, a karɓi kuɗi, mai kaya ya tafi da asara.

Ka zauna da ita ka lura da daidai inda take tsayawa, domin nan ne ciwon yake.

Idan ka danna maɓallin kunnawa ba fitila, ba motsin fanka, to maganar wuta ce, Windows bai ma shigo cikin zancen ba. Zare caja, cire batir in irin mai fita ne, ka danne maɓallin na daƙiƙa 30, sannan ka sa caja kaɗai ka gwada. Ka ari cajar wani mai irin taka, amma ka duba adadin bolt da ke jikinta ya yi daidai da naka. Cajar da ke shan wutar ƙaramin janareta kullum ba ta cika yin tsawon rai ba.

Idan kuwa fitila ta kama, fanka na juyawa, allo ya tsaya baƙi, wani lokaci har da ƙara ko ƙiftawar fitila, na fi zargin RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Wannan ce cutar da muka fi gani a watannin hazo. Kashe ta, cire batir, buɗe murfin ƙasa, ka ja ƙananan maƙalan gefe biyu, RAM ɗin zai ɗago da kansa. Goge haƙoran nan masu ruwan zinare da magogin fensir a hankali, ka hure ramin, ka mayar har ka ji ya kama. In guda biyu ne, gwada su ɗaya bayan ɗaya. In har yanzu allon bai kawo ba, haɗa ta da talabijin ta wayar HDMI. Hoto ya fito a can, ka san allon ne ko wayarsa, kayanka kuma lafiya lau suke.

Amma daga bayaninka, taka tana nuna tambarin HP sannan ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. A nan nake so ka natsu. Da ka kunna, yi ta danna Esc, sannan F10, za ka shiga BIOS, wato shafin saitunan kwamfutar da ke zuwa kafin Windows. Fara duba kwanan wata. In ka ga ta koma shekarun baya, ɗan batirin da ke riƙe agogo da saituna ya mutu. A yawancin kwamfutoci CR2032 ne mai bolt 3, kamar kwabo, wani kuma yana naɗe cikin roba da 'yar waya. Laftof 'yar gwanjo irin taka ta sha shekaru a Turai kafin ta iso hannunka, ba wanda ya canja mata shi. Idan ya mutu saituna kan rikice, kwamfutar ta shiga neman Windows a inda ba ya nan. Gyara kwanan, ka duba ko sunan faifan ajiyarka ya bayyana, ka sa shi farko a jerin tashi. In bai bayyana ba, buɗe ka zare shi ka sake zaunar da shi, hanyar Mambila ta isa ta girgiza shi ya saki. In kuma ka ji yana ƙas-ƙas daga ciki, kashe ta nan take, kada ka ƙara kunnawa. Faifan yana mutuwa ne, kowace kunnawa kuma rage masa kwana take yi. Nemi ɗan akwatin USB da ake sa faifai a ciki, ka haɗa da wata kwamfutar, ka kwashe rubutun digirin kafin komai.

Idan Windows ya fara tashi ya maƙale, katse shi da maɓalli sau uku a jere, zai kai ka shafin gyara da kansa. Daga can gwada Startup Repair, ko ka shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da muhimman abubuwa kawai, ka cire abin da ka ɗora na ƙarshe.

Yanzu maganar manhajar lissafin da ta ƙi hawa tun kafin wannan. Saƙon da ka turo mai cewa babu VCRUNTIME140.dll ba lalacewa ba ce. Akwai wani ɗan kunshi na Microsoft mai suna Visual C++ Redistributable da manhajoji da yawa ke dogara da shi. Sauke shi daga shafin Microsoft kyauta, na x64 da na x86 duka, ka sake gwadawa. Kada ka je shafukan da ke raba fayil ɗin shi kaɗai. Ka kuma tabbatar Windows ɗinka mai bit 64 ne, domin manhajar 64 ba ta hawa kan 32. Danna dama a kan fayil ɗin ɗora manhajar ka buɗe shi da izinin mai gudanarwa, ka bar sarari a faifan C. Saukewar da intanet ya yanke a tsakiya ma takan ba da fayil gurgu, sai ka duba girmansa.

Ina kuma roƙonka ka rabu da fasassun manhajojin da ake yawo da su a filash. Duk abin da zai ce ka kashe kariyar kwamfutarka kafin ya hau, bai cancanci zama kusa da sakamakon yaran mutane ba. In kuɗin Office ne ya gagara, LibreOffice kyauta ne kuma yana buɗe fayilolin Word da Excel.

In an kwashe komai kuma dole sai an sake ɗora Windows, ka sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 yana neman TPM 2.0 (wani sashen tsaro da ke cikin kwamfutar), RAM aƙalla GB 4 da ajiya GB 64, kuma a injinan Intel yawanci daga ƙarni na 8 zuwa sama. Filash mai GB 8 ya isa a ɗora Windows daga kansa, amma shi ma goge shi za a yi wajen shiryawa. Shawarata ka sayi SSD, wato faifan ajiya na zamani mai sauri, ko da mai GB 256 ne, a ɗora a kansa, tsohon faifan ka ajiye shi yadda yake.

Ɗauki hoton shafin BIOS da lambar da ke ƙasan laftof ɗin ka turo min ta WhatsApp. In ana buƙatar batirin ko SSD, zan saya a nan in ba direba a tasha ya kawo maka Jalingo, sai ka sa wani ya karɓa.

Ka gaishe min da maiɗakinka da yara. Allah Ya sa mu ji alheri.

Wassalam,
Abokinka na Kano.