Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Katsina Kan Matasan Da Ake Tsallakewa A Shirye-shiryen Ilimi Da Sana'a

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsina,
Gidan Korau, Katsina.
Ta hannun Hakiminmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamanin magajin Dikko. Bayan gaisuwa da biyayya, mu 'ya'yanka ne, matasan wata gunduma a kudancin masarautarka, maza da mata. A cikinmu akwai mai digiri, akwai wanda bai taɓa zama a benci ba sai buzu a gaban alaramma, akwai matar aure mai goyo, akwai mai tafiya da keken guragu. Maza sun zauna a zauren dagaci bayan la'asar, mata sun yi nasu zaman a cikin gida, aka haɗa maganganun biyu, shi ne wannan takarda.

Kukanmu ɗaya ne, ranka ya daɗe. Duk sanda aka ce gwamnati ta fito da shiri don matasa, mutane iri ɗaya ne ke shiga: namiji, ɗan gari, mai takardar boko, mai babbar waya, mai ubangida a siyasa. Ba ma yi musu hassada, 'yan'uwanmu ne. Amma ba su ne rabin matasan ƙasarka ba, ko kusa.

Manufar matasa ta ƙasa da aka sabunta a 2019 ta ce matashi shi ne mai shekara 15 zuwa 29. Dokar da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2018 ta sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Duk da haka, idan aka kira taro a kan matasa, sai a yi shi a ɗakin taro a birni, da Turanci, kuma masu magana da sunanmu sun haura arba'in, wasu ma 'ya'yansu ne sa'anninmu. Yarinya mai shekara 16 da aka cire daga makaranta ba ta san an yi taron ba, balle a ji ta bakinta.

Ƙofar shiga shirye-shiryen ita ma tana tankaɗe talaka tun kafin ya iso. Fom yana intanet, sai da lambar NIN da ta BVN, sai da kuɗin mota zuwa gari da kuɗin mai shagon kwamfuta. Shirin ɗaukar matasa aiki na N-Power da aka fara a 2016, a lokacin da ake ɗiba mafi yawan gurabensa na masu digiri da NCE da difloma ne. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 na wanda ya riga ya samu shiga babbar makaranta ne. Shirye-shirye ne masu kyau, amma suna jiran mutum a saman tsani, mu kuwa da yawanmu ba mu taka matakin farko ba. Mai Martaba zai tuna a watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Duk wani fom da aka buɗe a watannin nan ya wuce mu ba mu ko ji labarinsa ba. Idan kuma abin rabo ne na gida, keken ɗinki ko injin ban-ruwa, sau da yawa sunayen sun cika tun kafin a yi shela.

Maganar da ta fi yi mana ciwo ita ce ta 'yan mata. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, firamare da ƙaramar sakandare. A ƙauyukanmu yarinya takan gama aji shida, sai a tarar ƙaramar sakandare tana wani gari, tafiyar ƙafa ta cikin gonaki. Tun daren da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020, aka rufe makarantun kwana na wani lokaci, wane uba ne zai saki 'yarsa ta bi wannan hanya da sassafe? Ba mu ga laifin iyayen ba, tsoro ne na gaskiya. Sai ta zauna a gida, ta ɗauki talla, shekara ta zagayo a yi mata aure, sunanta ya fita daga kowane lissafi.

Ba mu zo yin jayayya a kan aure ba, ranka ya daɗe. Abin da muke cewa shi ne aure ba ya rufe ƙofar karatu, kuma ba daga waje muka aro wannan magana ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa tsarin 'yan taru, tana tura jajisai, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da matan aure a gidajensu. Yau shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Katsina na cikin jihohi bakwai da aka fara da su, yana gyara azuzuwa yana tallafa wa 'yan mata. Muna godiya. Amma wadda ta riga ta shiga ɗaki, da bazawarar da aka sako tana da shekara 19 da yara biyu, su ne ba mu ga inda aka tanadar musu ba a yankinmu. Muna roƙon Sarki ya sa baki a buɗe azuzuwan yamma na matan aure da zawarawa a cikin makarantun firamare da ke nan a tsaye, bayan yara sun tashi, da malamai mata, da inuwar da za a ajiye jarirai. Kuma hakimai da limamai su yi wa mazaje magana su bar matansu su je. Magidancin da ke cewa ba namijin da zai duba matarsa a asibiti, a tambaye shi daga ina ungozoma da nas za su fito idan kowa ya tsare tasa 'yar a gida.

'Yan'uwanmu mata sun ce lallai mu rubuta wannan: duk horon sana'ar da aka kawo musu ɗinki ne da haɗa sabulu da man shafawa, har kasuwar ta cushe, mai saye ya yi ƙaranci. Akwai masu son koyon gyaran waya, haɗa wutar sola, kiwon kaji da tumaki na zamani, da riƙe lissafin shago. A tambaye su kafin a zaɓa musu.

Sai almajirai da gardawa. Katsina garin Wali Ɗan Marina ce da Wali Ɗan Masani, hasumiyar Gobarau na nan tana shaida cewa an yi karatu a nan ɗaruruwan shekaru kafin boko. Abin kunya ne a ce saurayin da ya sauke Alƙur'ani, ya haddace, yana rubuta wasiƙa da ajami, idan ya zo gaban fom sai a sa shi a layin wanda bai yi karatu ba. Tun 2023 akwai hukumar tarayya ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Muna roƙon masarauta ta nemi a ba mahaddata shaidar da hukuma za ta karɓa, a haɗa musu da lissafi da karatun boko na gajeren zango, a kuma ware musu kaso a koyon sana'a. A bi ta hannun alarammominsu, domin duk shirin da ya tsallake alaramma ba ya kai labari.

Masu buƙata ta musamman suna da doka a hannu, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, da ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ta kuma ce a gyara gine-gine yadda za su iya shiga. Ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu a wannan takarda sai an ɗauke shi cak ake shigar da shi ofis. Kurame a cikinmu ba su taɓa ganin mai fassara da hannu a wani taro ba.

Akwai kuma waɗanda ake jin nauyin ambata: samarin rugage da ba su ɗauki bindiga ba, waɗanda ake yi wa kallon zargi a kasuwa, da 'yan gudun hijira da ke raɓe a gidajen dangi, ba gona ba makaranta. Idan ba mu jawo su ba, akwai masu jiran su a daji, kamar yadda ƙauranci, wato daba, ke jiran na cikin gari.

Game da aiki, mun san gwamnati ba za ta ɗauki kowa ba. Amma ga madatsar ruwa ta Zoɓe, ga ta Jibiya, ga ƙasar auduga ta Funtuwa da Malumfashi. Matashi ba shi da fili, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ban-ruwa da inji ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Hakimai da dagatai sun san filayen da za a iya ba ƙungiyoyin matasa aro na rani, har da na mata. Su ne kuma za su iya tsaya wa yaro a wurin maƙeri, kafinta ko bakanike, a yi yarjejeniyar koyo a rubuce, da ranar yaye.

Mun kawo kukan nan fada ne don mun ga abin da sarauta ta yi a kan cutar shan-inna. Sai da sarakuna suka shiga, masu unguwanni suka bi gida-gida, sannan aka kai ga ayyana Najeriya ta rabu da cutar a watan Agustan 2020. Mai unguwa ya san gidan da yarinya ta daina zuwa makaranta, ya san gurgu, ya san maraya. Don haka muna roƙon Mai Martaba ya umarci a yi rajistar matasa a takarda ta hannun masu unguwanni, da Hausa, boko ko ajami. Duk rabon da ya zo, a manna sunayen waɗanda suka samu a ƙofar dagaci kowa ya gani. Duk kwamitin matasa da za a kafa a gunduma, a sa 'yan ƙasa da shekara 30, kuma kujerun mata, da gardawa, da masu buƙata ta musamman, da 'yan ruga su zama tabbatattu, ba na alfarma ba. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, muna roƙon Sarki ya yi wa shugabanninsu magana su riƙa bayyana abin da suka ware wa matasa a kasafinsu, a karanta shi a bainar jama'a.

A ƙarshe muna roƙon a ba wakilanmu, maza da mata, rana su zo fada su yi bayani da bakinsu. Sunayenmu da sa hannunmu, da dangwalen waɗanda ba sa rubutu, suna haɗe da wannan takarda a hannun Hakimi.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya zaunar da ƙasar Katsina lafiya.

Mu ne masu biyayya,
'Ya'yanka matasan gunduma, maza da mata.